Ku Tashi Daga Rumfa Kafin Yaron Nan Ya Iso

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Iyayen ƙasa, hakimai da dagatai da masu unguwanni, da kuka baro gidajenku tun hantsi kuka cika mana wannan rumfa, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu da limamanmu, Allah ya gafarta muku. Manyan baƙinmu na ƙungiyar tseren keke da suka taso daga birni, tare da alƙalin tsere Malam Sufyan, wanda ga shi can tsaye da usur a wuya. 'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka da suka shigo daga Benin, waɗanda muke aure tare, muke kasuwa tare, muke faɗa tare mu shirya tare. Sarkin ruwa da masuntansa, manoman shinkafa na fadamar Ka'oje, 'yan kasuwar Illo da na Kamba, iyayenmu mata da ke gefen rumfa, masu ƙosai da masu kunu da suka fi kowa sanin amfanin wannan rana, da sauran jama'a da suka cika fili har bisa itatuwa, ina yi muku barka da zuwa, ina yi muku barka da rana.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Abdulganiyu mai gyaran keke na bakin tasha, wanda 'yan'uwana masu keke suka naɗa Sarkin Keken Bagudo, ba don na fi su ilimi ba, sai don a lokacin ni kaɗai ke da famfo.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Godiya ga baƙinmu da suka sake dawowa bana, duk da abin da suka gani bara. Godiya ga samarin da suka kori awaki daga kan hanya, da waɗanda suka cike ramuka da jar ƙasa. Godiya ta musamman ga manomanmu da suka kwashe shanyar shinkafarsu daga kan kwalta, domin na san a wurinsu ba a yi kwalta don mota ba, an yi ta ne don shanya, kuma rabuwa da ita na yini guda ba ƙaramar sadaukarwa ba ce.

Jama'a, an miƙa mini wannan lasifika ne don in ɗebe muku kewa kafin 'yan tsere su iso. Sun taso daga Illo da sanyin safiya, yanzu haka suna bisa hanya, kuma ga inda za su ƙare: wannan farin layi da aka zana da farar ƙasa a gaban rumfa, dab da ƙafafun mai girma shugaba. To amma ni ba ɗebe kewa ya kawo ni ba. Roƙo ya kawo ni, kuma roƙon yana da nauyi a baki, saboda haka ku bar ni in zagayo masa ta nesa.

Magana ta farko ita ce hanyar nan. Duk wanda ya taɓa taka feda a ƙasar nan ya san ta. Ka fito daga Illo, Benin na kusa da kai, kusancin da in ka yi atishawa a nan, a can za a ce maka yarhamukallahu. Ka gangaro fadama, shinkafa ta yi shar hagu da dama, giginya na tsaye, kogin Kwara na ɓuya yana fitowa, masunta na jan taru. Daga nan hanya ta juya ta kama tudu, ta shiga duwatsu ta wajen Ka'oje, inda keke ke tambayar mutum abin da ya ci da safe. Ka sha hawa, ka sha gangara, ka sake faɗowa bakin ruwa, ka haye gada, sai ga ka a Bagudo. Tun muna samari muke bin ta. Mun bi ta da buhun shinkafa, mun bi ta da jarkoki, mun bi ta da akuya a kwando, ni da kaina na taɓa bin ta da ƙofar ɗaki a ka. Amma wallahi ba mu taɓa sanin kyakkyawa ce ba sai da baƙi suka zo suka faɗa mana. Ranar da suka fara zuwa, sun tsaya a kan tudu suna kallon kogi, suna nuni da hannu, suna ɗaukar hoto. Mu muka ɗauka wani nasu ya faɗa ruwa, har sarkin ruwa ya sa aka kwance kwalekwale.

Sai kekunansu. Jama'a, keke babu kariyar ɗora kaya, babu ƙararrawa, babu madigadi, babu abin jinginewa, taya siririya kamar tsintsiya ɗaya. Na ɗaga guda da yatsa biyu. Na dubi Malam Sufyan na ce, "Malam, a ina ake ɗora kaya?" Ya ce, "Sarki, ba a ɗora kaya." Na ce, "To ina za ku?" Ya ce, "Ba ko'ina. Za mu je mu dawo." Na koma gida na ba mai ɗakina labari, ta ce a riƙa sa su cikin addu'a.

To cikin samarinmu da suka shiga wannan al'amari akwai wani yaro, ɗan gidana, wanda yau yake sanye da jar riga. Ɗan fari ne, kun san ba zan kama sunansa ba, kuma bai kamata in yabe shi a bainar jama'a ba. Ba yabonsa zan yi ba, labari kawai zan bayar. Yaron nan ya tashi yana hawan duwatsun Ka'oje da buhu biyu a bayan tsohon kekena. Ranar da aka ba shi irin keken baƙi, ya hau, ya taka sau ɗaya, ya sauko yana dube-dube, ya ce an sace rabin keken. Da aka tabbatar masa haka aka ƙera shi, ya sake hawa, sai muka neme shi muka rasa. Mai babur da aka tura bayansa ya dawo ya ce mai ya ƙare masa.

Magana ta biyu ita ce tarbiyya. Baƙinmu ku saurara, don nan ne kuka kasa gane mu. A ƙasar nan, mai keke ba ya wuce babba yana bisa sirdi. Sauka yake yi. Ya sauka, ya tura keke da hannu, ya rusuna, ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi gona, ya tambayi ruwa, in akwai mai jiki ya tambayi mai jiki, sai babba ya ce Allah ya yi albarka sannan ya hau. Haka muka taras, haka muka yi wa iyayenmu. Ni na koya wa yaron nan, tun yana cusa ƙafa ta tsakiyar keke saboda bai kai sirdi ba, kuma na koya masa da kyau, kuma ba na nadama. Duk faɗin ƙasar nan babu tsohon da zai ce yaron gidana ya taɓa wuce shi a zaune.

To ga abin da ya faru bara, ga waɗanda ba su nan. Aka busa usur a Illo, yaron nan ya fice ya bar su. Yana isa Tungar Giginya, sai ga Maigari Usuman zaune a ƙofar gida bisa buzu. Kun san Maigari, Allah ya ƙara masa lafiya, kunnensa ya yi nisa, kuma shi ba ya karɓar gaisuwa a dunƙule. Yaro ya sauka yana haki ya ce, "Ranka ya daɗe, ina kwana?" Maigari ya ce, "Mi?" Ya sake. Maigari ya ce, "Lafiya lau. Ina gajiya?" Yaro, zufa na ɗiga daga haɓarsa, ya ce, "Ba gajiya." Maigari ya tambayi uban yaro, ya tambayi uwar yaro, ya tambayi wata kakarsa da ta rasu tun zamanin da ba a yi gada ba, aka yi mata addu'a. 'Yan tsere suka zo suka wuce fuu. Maigari ya bi su da kallo ya ce, "Ɗiyan wa ne waɗanga marasa kunya?"

Yaro ya hau, ya cim musu a kan duwatsu, ya wuce su ɗaya bayan ɗaya. Yana gangarowa bakin gada, sai ya hango surukarsa Tasallah, uwar matarsa, tana suyar kifi a gefen hanya. Jama'a, kun ga irin wandon da 'yan tsere ke sawa. Ba zan siffanta shi ba, akwai malamai a wurin. Wane ɗan halak ne zai bari surukarsa ta gan shi cikin wannan abu? Yaro ya saɓa keke a kafaɗa, ya gangara cikin fadama, ya kutsa cikin shinkafa ruwa har ƙugu, ya zagaye ta ta baya, ya fito da laka har gira da matsattsaku a ƙwauri. Tasallah ta ga shinkafa na motsi ta ɗauka kada ne, ta watsar da kasko ta gudu.

Duk da haka, jama'a, duk da haka, shi ya fara shigowa filin nan. Bunyaminu, gwanin birni, wanda aka ce ba a taɓa wuce shi ba, ko alamarsa babu. Fili ya ɗauki ihu, mata na guɗa. Yaro ya taho kamar an harbo shi. Sai ya ɗaga kai ya ga rumfa. Ya ga rawuna, ya ga furfura, ya ga carbi. Ya ja birki, taya ta yi ƙara, keke ya tsaya saura taƙi guda ya taɓa wannan layi. Ya sauka, ya cire takalmi, ya cire hular kwano, ya durƙusa, ya faro daga kan mai girma shugaba yana bi ɗaya bayan ɗaya. Ku kuma, Allah ya ja zamaninku, kuka amsa! Kowa ya amsa, kowa ya tambayi gajiya. Yana kan hakimai Bunyaminu ya wuce. Yana kan limamai na biyu da na uku suka wuce. Kafin ya kai kan masu unguwanni, na ƙarshe ya wuce, har wani mai itace da ba ya cikin tseren ya haye layin da kayansa, aka tafa masa.

Na sami Malam Sufyan na ce, "Malam, ai yaron nan ya riga kowa isowa." Ya ce, "Sarki, ya iso, amma bai gama ba. Doka ta ce sai taya ta haye layi, mutum yana bisa." Na ce, "Doka ba ta san akwai manya a wurin ba?" Ya ce, "Doka ba ta san kowa ba." Na ce to wannan doka ba 'yar garin nan ba ce.

Magana ta uku, abin da ya sa ban yi barcin kirki ba tun da aka sa ranar nan. Baƙinmu sun ce wanda ya zo na ɗaya yau, da shi za su koma birni, a sa shi cikin 'yan tseren jiha, a horar da shi, a kai shi gasar ƙasa. Kuma Malam Sufyan ya gaya mini gaskiya, ba ɓoye-ɓoye: shekarun yaron nan sun kai gaɓa, baɗi ba za a ɗauke shi ba. Yau ce, ko babu. Yaron nan bai taɓa roƙona komai ba, ko sabuwar riga ta salla. Amma wata rana da la'asar muna zaune a rumfar gyara, yana riƙe mini tif ina faci, ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Baba, ina son in ga inda hanya take kaiwa in an wuce Birnin Kebbi." Na ce masa ya riƙe tif da kyau. Amma na ji maganar, kuma tun ranar take zaune a ƙirjina.

Kada ku ce mun zauna. Ba mu zauna ba. Mun je wurin Liman, Allah ya gafarta Malam, ga shi nan zaune, ya ce babu laifi ga mai tsere ya jinkirta gaisuwa. Muka tsayar da Liman a bakin hanya don ya faɗa wa yaro da bakinsa yayin da yake wucewa. Yaro ya ji fatawa, ya sauka ya yi godiya. Na yi masa faɗa, ya ce, "Baba, wallahi ba ni ke sauka ba, ƙafata ce." Muka saya masa baƙin tabarau, muka shafa wa gefensa shuni don kada ya ga kowa sai kwalta. Ashe yaron nan ya san tarin kowane tsoho daga nan har Illo. Muka ɗaure masa ƙafafu a jikin feda da roba. Ya iso gaban Maigari Usuman, ya ja birki, ya kife da shi da keken gaba ɗaya, ya yi gaisuwar a kwance, ta gefe. Maigari ya ce bai taɓa ganin ladabi irin wannan ba, ya sa aka kawo masa fura.

Muka ce to a canza hanya, a bi ta can ƙuryar duwatsu inda babu gari babu tunga. Muka tura shi gwaji. Ashe a kan dutse mafi tsawo akwai wani dattijon Bafulatani da shanunsa, wanda ya daɗe bai sami wanda zai gaisa da shi ba. Yaro bai dawo ba sai bayan la'asar, da ƙwaryar nono a hannu. Muka gwada ta bakin iyaka. Can kuwa tsofaffin da Dandanci suke gaisuwa, in an gama su ƙara da Faransanci.

Daga ƙarshe kwamitinmu ya zauna, ya yi dogon nazari, ya yanke shawara: tun da an kasa raba yaro da gaisuwa, to a raba hanya da tsofaffi. Yau da asuba sarkin ruwa ya ba mu aron babban kwalekwalensa. Muka bi tunga-tunga muka kwashe dattawan bakin hanya, Maigari Usuman a gaba, muka haɗa su da goro da tabarmi da butoci da rediyo, aka kai su tsakiyar kogi bayan tsibiri aka ɗaure. Wasu sun shiga da murna, sun ce tun suna samari rabonsu da yawon ruwa. Wasu sai da aka yi rigima, don sun rantse su ba tsofaffi ba ne. Tasallah kuwa mun tura ta suna a ƙetaren iyaka. Da ƙyar muka samo mai jego a can, kuma ba su ma da dangantaka, amma ta tafi da turmin atamfa tana murna. Sauran da ba su iya shiga ruwa, sun yi mana alkawarin zama cikin zaure da ƙofa a rufe sai sun ji ganga. Yau, daga Illo har bakin garin nan, babu furfura ko ɗaya a gefen kwalta.

Ku dakata. Ga Malam Sufyan yana ɗaga mini hannu, waya a kunnensa. Mai babur da ke bin 'yan tsere ne. Malam, mi aka ce? Sun sauko daga duwatsu? Alhamdu lillahi. Wa ke gaba? Jar riga! Jama'a, jar riga ke gaba, an ce ya ba su rata mai yawa, ya hau gada. A'a, ku bar tafi tukuna, Malam bai gama ba, na ga fuskarsa ta canza. Mi? Kwalekwale? Wane kwalekwale?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, an ce Maigari Usuman ya ce shi ba zai zauna bayan tsibiri ana tsere bai gani ba, ya sa an kwance igiya, ruwa ya kawo su daidai ƙarƙashin gada. An ce ya ɗaga sanda ya yi tari. An ce yaron nan ya sauka, ya jingine keke, ya leƙa ta kan ƙarfen gada yana ƙwala gaisuwa ƙasa, Maigari yana cewa "Mi?" Kai, Maigari! Kai, Maigari, Allah ya shirye ka da girmanka! An ce Bunyaminu ya wuce. To, to, Malam, ci gaba. Ruwa ya ja kwalekwalen kafin a kai ga tambayar iyali? Allah mun gode maka da ka halicci kogi mai gudu. Ya hau. An ce yaro ya hau, yana bin Bunyaminu.

To jama'a, zagaye ya ƙare, lokaci ya ƙure, ga roƙona. Mai girma shugaba, iyayen ƙasa, malamai, limamai: duk faɗin hanyar nan, ku kaɗai kuka rage. Ku ne tsofaffin ƙarshe. Ina roƙonku don girman Allah, ina roƙonku don zumunci, ina roƙonku don gaisuwar da yaron nan ya yi muku tun yana ƙarami ba tare da ya taɓa tsallake ɗayanku ba, ku tashi daga rumfar nan. Ku tashi ku ɓuya. Ba raini ba ne, wallahi ba raini ba ne. Girmanku ne ya yi yawa, ya tare hanya.

Ga katangar makarantar firamare can, an share bayanta, an shimfiɗa tabarmi. Wanda katanga ta yi masa nisa, ga buhunan shinkafa an jera a gefen injin casa, mutum uku za su iya kwanciya a baya. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk wanda ya girmi yaron nan, ko da da kwana ɗaya ne, ya bar wurin. Mai girma shugaba, kai za ka fara, in ka tashi kowa zai tashi. Allah ya saka da alheri. Ku kama masa babbar riga. Iyayen ƙasa, a hankali, amma da sauri. Allah ya gafarta Malam, bar butar, za a kawo maka. Mai unguwa, na ga ka zauna ka ƙi motsi saboda ka rina gemu. Yaron nan ya san ka tun gemun yana fari, tashi. Hajiya Shafa'atu, shugabar mata, na san kin ce ke ba ki kai tsufa ba. Hajiya, ke kika yi wa uwarsa wankan jegonsa. Ki bi bayan buhu, Allah ya ba ki Aljanna.

Malam Sufyan, kai dole ka tsaya, amma akwai furfura a gefen hularka. Shiga ƙarƙashin tebur. Ai taya za ka kalla, daga nan ma za ka fi ganin ta. Masu ƙosai, duk wadda ta aurar da 'ya ta juya kwando a ka. Ranka ya daɗe, rawaninka yana leƙowa ta saman katanga, a ɗan rusuna. Wa ke tari a bayan buhu? Don Allah a riƙe tari! A ba shi goro, a ba shi ruwa, a toshe masa baki da hula, in an gama zan zo in ba da haƙuri da kaina.

Madalla. Madalla da jama'ar Bagudo. Ku dubi rumfar nan, kujeru jere, babu kowa a kai. Tun da nake halartar taro ban taɓa ganin taron da ya yi kyau kamar wannan ba.

Ga su can! Ga su can sun karyo kwanar tsamiya! Biyu ne. Shuɗiyar riga a gaba, Bunyaminu ke nan. Ja a bayansa, ja na manne da shi, ja ya fito gefe! Yara, ku matsa daga kan hanya! Sun yi kafaɗa da kafaɗa! Ya Allah, ya Allah. Wa ke kirana? Hajiya, ki koma bayan buhu, mi kike cewa? Ni? Ni mi?

La ilaha illallahu. Ni.

Jama'a, na kwashe tsofaffin ƙasa kaf, na manta da uban yaron a bakin layi. Ku karɓi lasifikar nan! Wayarta ta naɗe mini ƙafa, wa ya ja ta haka? Ba zan kai katanga ba, gwiwar nan ba ta gudu. In juya baya? Ya san bayana, a kansa ya girma. Sun iso, sun iso.

Kai! Kai mai jar riga! Ni ne, na san ka gan ni. Na ga hannunka ya tafi birki, cire shi! Cire shi, na ce! Kada ka sauka! Na yafe maka ta yau, na yafe maka ta gobe, na yafe maka duk wadda ke zuwa! Ba ka taɓa saɓa maganata ba, kada ka fara yau. Ubanka ke ba ka umurni, wuce ni! Wuce ni, yaro! Taka! Taka! Taka!

Lafiya lau.

Ya haye. Malam Sufyan ya busa daga ƙarƙashin tebur. Jar riga ce, da rabin taya. Ku fito, jama'a, ku fito, a buga ganga, a buɗe zaurukan. Yaron gidana ya zo na ɗaya.

Bai sauka ba. Bai ko juyo ba. Iskar kekensa kawai na ji ta ɗaga mini gefen riga. Ku yi mini haƙuri, na san kun ji na ce "lafiya lau" a lasifika. Ba wanda ya gaishe ni. Baki ne ya saba, yana ganin yaron ya iso sai ya amsa da kansa. Ga shi can samari sun ɗaga shi sama, baƙi sun kewaye shi, suna yin wajen motarsu da shi. Abin da na roƙa ke nan, kuma an ba ni. Murna nake yi, wallahi murna nake yi. Ban dai san haka abin yake da zafi ba.

A'a, kada ku kira shi. Ku bar shi ya tafi.

Mai girma shugaba, iyayen ƙasa, ku koma kujerunku, ku karkaɗe rigunanku, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya ba makwabtanmu zaman lafiya. Allah ya cika fadamarmu da shinkafa, ya cika tarun masunta, ya tsare mu daga ambaliya. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu. Waɗanda suka yi tsere yau, na gaba da na baya, Allah ya huce musu gajiya. Baƙinmu, Allah ya kai ku gida lafiya, ga amana nan kun ɗauka, ku riƙe ta da kyau, ba ya son yaji da yawa a abinci kuma ba zai faɗa muku ba. Shi kuma, duk inda hanya ta kai shi, Allah ya yi masa albarka. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.